Cin abincin titi a Bankok: ka fara zaɓen mai girki kafin girkin

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san shinkafar Tailan tun kafin ya san inda ƙasar take a taswira. Buhunanta sun sha shigowa ta Jibiya da Kongolam, har ta zama ita ce "'yar waje" a bakin mutane. Sai dai wannan shinkafar da ake turarawa da ɓawonta kafin a casa, mutanen ƙasar ba ita suke ci ba. Galibi don kasuwannin waje ake yin ta, musamman na Afirka. A gida abin da suke ci shi ne hom mali, fara mai laushi da ƙamshi, sai kuma shinkafa mai danƙo da ake turarawa a kwando ana ci da hannu. Wanda ya sauka Bankok, babban birnin ƙasar, da tunanin ya riga ya san abincinsu, tun daga kwanon farko zai gane da sauran karatu.

Mutanenmu da ke zuwa can sun kasu kashi uku: masu sarin kaya a kasuwannin Pratunam da Bobae da Sampeng, masu neman magani ko rakiyar mara lafiya, sai 'yan tsirarun ɗalibai. Mafi yawansu a unguwar Nana suke ƙarewa, layin Larabawa da ke Sukhumvit Soi 3/1, suna biyan kuɗin kwano uku ko huɗu a kan kwano ɗaya don gudun shubuha. Wasu kuma shayi da burodi ne a ɗakin otal har a gama sari. Ba laifi, tsoron yana da tushe. Amma akwai Musulmi masu sana'ar abinci a titunan birnin nan da yawa, kuma girkinsu yana cikin mafi daɗi a ƙasar. Aikin kawai shi ne a san yadda ake gane su.

Alade ba a cikin yanka kaɗai yake ba

Naman alade shi ne naman yau da kullum a can. Idan ba a faɗi irin naman da ake so ba, shi za a saka. Sunansa mu, ana rubuta shi หมู, kuma ya kamata ido ya haddace wannan rubutun tun kafin a hau jirgi a Kano ko Abuja. Kalmomin da ake koya wa baƙi su ne "mai kin mu", wato ba na cin alade, da "mai sai mu", wato kada a saka alade. Mai abincin zai yi murmushi ya amsa, kuma da gaske yake, ba zai saka maka yankan naman ba. Matsalar ita ce a fahimtarsa ya gama biyan buƙatarka ke nan.

Ka tsaya gaban mai taliyar romo ka kalli aikinsa na minti biyu. Katuwar tukunya ce guda, an raba cikinta gida biyu ko uku. Gida ɗaya ruwan zafi ne da yake tsoma taliya a ɗan kwandon waya ya girgiza ya zuba a kwano. Ɗaya gidan romo ne, kuma idan ka leƙa za ka ga ƙasusuwa a ƙasa, tun asuba suke dahuwa. Ko kaza ka ce, ko kifi, daga wannan romon zai ɗebo. Kafin ya miƙo maka zai ɗauki ƙaramin cokali ya yaryaɗa soyayyiyar tafarnuwa da manta, kuma a rumfuna da yawa da kitsen alade aka soya ta, har da 'yan guntayen fatarsa masu ƙaras-ƙaras a ciki. Ƙwallayen naman da ke iyo a sama, luk chin, ko an ce na kifi ne ko na sa, ba ka da hanyar sanin abin da aka haɗa a injin da ya niƙa su. Duk wannan ya faru bayan ka ce "mai sai mu", kuma babu wanda ya yaudare ka.

Haka abin yake a wurin masu suya. Kasko ɗaya ne, matuƙi ɗaya. Ya soya alade wa wanda ke gabanka, ya ɗan watsa ruwa ya goge da burushi, ya zuba naka. Wasu tsoffin masu soyayyiyar taliya, pad thai, da masu wainar ƙwai da kawa, hoi thot, da man alade suke suya da gangan, domin a wurinsu shi ne sirrin ɗanɗanon. Akwai kuma wuraren da ba za ka zata ba: farar miyar awara da ganye da ake kira kaeng chuet tana da niƙaƙƙen alade a ciki, dunƙulen jatanlande da ake soyawa akan haɗa shi da kitsensa don ya yi laushi, ga burodi mai wani abu launin ƙasa a samansa mai zare-zare, wanda busasshen naman alade ne da aka daka.

Sai jini. Taliyar kwale-kwale da ta shahara a wajen dandalin Victory Monument, kuaitiao ruea, romonta baƙi ne mai kauri saboda ana zuba ɗanyen jinin sa ko na alade a cikin tafasasshen romo. Idan ka ji an ce taliya "nam tok", da jini ke nan. "Nam sai" shi ne romo garai. Shinkafa da dafaffiyar kaza kuwa, khao man kai, wadda baƙi ke gudu gare ta don ganin kaza ce zalla, sau da yawa akan ajiye wani yanki mai launin hanta a gefen faranti. Daskararren jinin kaza ne.

Ga kuma maganar yanka. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, ba sa cikin Ahlul Kitabi. Gaskiya ne manyan kamfanonin kaji da yawa suna da shaidar halal saboda suna fitar da kaya ƙasashen Musulmi, amma kai da kake tsaye a bakin titi ba ka san daga ina kazar da ke rataye a gilashi ta fito ba. Duk wannan ya sa tambayar "me zan ci?" ba ta da amfani sosai. Tambayar da ke warware komai ita ce "wa ya dafa?"

Gane rumfar Musulmi ba wuya. Za ka ga jinjirin wata da tauraro a allon, yawanci a kan kore, ko kalmar halal da larabci, ko mace da hijabi a bakin kasko, ko namiji da farar hula. Ka yi sallama, za a amsa maka da fara'a, sau da yawa ma a tambaye ka daga ina. Kayan leda da na kwalba kuma ana duba tambarin Majalisar Musulunci ta ƙasar, mai kusurwa huɗu a tsaye da halal a tsakiya da larabci, lamba a ƙasansa. Shagunan 7-Eleven, waɗanda suke kusan kowane layi kuma ba sa rufewa, cike suke da kaya masu wannan tambarin da marasa shi a kanta ɗaya, don haka a juya leda a duba, har taliyar kofi da biskit. Abu ɗaya da za a kiyaye: a wuraren da 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa akan ga takarda an rubuta da turanci cewa babu alade. Wannan bai ce komai ba game da yanka ko kasko.

Harshensu yana da karin sauti irin namu, kalma ɗaya ta canza ma'ana da hawa ko saukar murya, kuma bakinmu yana mayar da p ta koma f. Kaza kai ce, ƙwai kuma khai, bambancin ɗan hucin iska ne kawai. Maimakon kokawa, ka ajiye waɗannan a waya ka nuna: ไม่กินหมู ba na cin alade, น้ำมันหมู man alade, เลือด jini, อาหารอิสลาม abincin Musulmi. Namiji ya ƙare magana da "khrap", mace da "kha". Wannan 'yar ladabin tana buɗe ƙofofi.

Inda za a dosa

Musulmi sun kai wajen kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma masallatan Bankok sun haura ɗari. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka nemi masallaci a taswirar wayarka, abinci yana kewaye da shi. Ga mai sari a Pratunam, mafi kusa shi ne layin Phetchaburi Soi 7, inda masallacin Darul Aman yake, tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa, ko a sauka tashar jirgin ƙasa mai bi ta kan gada ta Ratchathewi. Mai sari a Bobae yana da masallacin Mahanak da unguwar Musulmi a maƙwabtansa. Ranar Juma'a kuwa masallacin Haroon da ke Charoen Krung Soi 36, a unguwar Bang Rak, ya cancanci tafiyar: ana idar da salla tebura sun cika lungun, kuma wanda ya tsaya dogon gaisuwa zai tarar an kwashe masu kyau. Titin Ramkhamhaeng a gabashin birni shi ma cike yake da rumfunan Musulmi, kuma jirgin ƙasan da ke tasowa daga filin jirgin saman Suvarnabhumi yana da tasha a can kafin ya kai Ratchaprarop, tashar Pratunam.

Yaowarat, unguwar 'yan Sin da ake ta nunawa a bidiyo, a je kallo da sayen 'ya'yan itace. Abincinta da yawa akwai alade a ciki.

A rumfar Musulmi abin da za a fara da shi khao mok kai ne. Shinkafa ce rawaya da aka dafa tare da kaza da kurkur da kayan ƙamshi, a watsa soyayyiyar albasa a sama, yankan kokwamba a gefe. Za a ba ka wata koriyar miya a ƙaramin kwano, mai zaƙi da tsami da ɗan yaji. Kada a juye ta gaba ɗaya, a riƙa ɗiga rabin cokali a kan kowace loma, domin zaƙinta na iya danne ƙamshin shinkafar. Abokin tafiyarta shi ne sup hang wua, farfesun jelar sa, wanda suke matsa wa lemun tsami da yawa su zuba tumatir da soyayyiyar albasa da ɗanyen barkono. Ga wanda mura ta kama saboda sanyin na'urar otal, ko wanda cikinsa bai gama sabawa ba, babu abin da ya kai shi. A kula, ba duk rana ake samun jelar ba, kuma ta fi romon kaza tsada.

Massaman miya ce da asalinta na Musulmi ne, kuma ita ce mafi kusa da bakinmu: naman sa ko kaza, dankalin turawa, albasa, gyaɗa, kirfa, madarar kwakwa da tsamiya. Ba ta da zafi. Alamar mai kyau ita ce jan mai ya taso a samanta, naman kuma cokali ya yanka shi ba sai an ja ba. Tsirensu, sate, ƙanana ne ƙwarai, loma biyu a tsinke, don haka goma ake saye ba uku ba. Ana tsoma shi a miyar gyaɗa mai zaƙi, da kokwamba da albasa a ruwan tsami. Amma fa tsire a wurin wanda ba Musulmi ba, musamman wanda ake gasawa da safe a bakin tashoshi yana ta ƙamshi, mu ping ne, alade ne tsantsa. Akwai kuma soyayyiyar kaza irin ta Hat Yai, wadda ake tara mata soyayyiyar albasa a ba ka da ƙullin shinkafa mai danƙo a leda. Da yatsu ake gutsura shinkafar, a mulmula, a dangwala. Idan ta huce ta yi tauri ba ta gyaruwa sai an sake turarawa, saboda haka a ci da zafinta.

Roti sana'a ce da Musulmi suka fi riƙewa, kuma da yamma kurarsu take fitowa. Mai yin zai ɗauki curin kwaɓin da ya kwana a mai, ya buga shi a kan ƙarfe yana juyawa har ya yi sirantar da za ka ga hannunsa ta ciki, ya shimfiɗa a kasko, ya fasa ƙwai ya yanka ayaba, ya naɗe kusurwa huɗu, ya jefa bota. Ƙarshe sai ya ɗauki gwangwanin madara mai kauri ya yi ta zubawa, ya bi da sukari. A nan ne za ka ɗaga hannu ka ce "wan noi", zaƙi kaɗan, in ba haka ba abin ya fi ƙarfin haƙori. Mataba ɗan'uwansa ne mai gishiri, da niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a ciki, kuma shi ya fi dacewa da abincin dare.

Da zarar mai girkin Musulmi ne, sauran abincin ƙasar duk ya buɗe maka. Pad thai, taliyar shinkafa da aka soya da tsamiya da ƙwai da awara da tsiron wake da dakakkiyar gyaɗa. Pad kaphrao, niƙaƙƙen nama da tafarnuwa da barkono da ganye dangin ɗoɗɗoya a kan shinkafa, a ce "khai dao" a ɗora soyayyen ƙwai da ƙarin baht 10, kuɗin ƙasar ke nan, ko makamancin haka. Tom yam, romo mai tsami da zafi. Ciyawar lemun da ganyen da yankan saiwar da ke cikin tom yam don ƙamshi aka sa su, ba a taunawa, a ture su gefe. Akwai wata taliya da sunanta, pad khi mao, ke nufin ta mashayi, har wasu ke gudunta. Babu giya a girkinta.

Kayan teku kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi halal ne gaba ɗayansu, jatanlande da ƙaguwa da kawa da sauransu. Abin da ke damun mutanenmu ƙyanƙyami ne da wari, musamman na nam pla da kapi. Nam pla ruwan ƙananan kifaye ne da aka jiƙa da gishiri aka rufe wata da watanni, har shekara ko fiye, kuma shi ne gishirinsu, kusan babu girkin da ba ya shiga. Kapi kuma niƙaƙƙun ƙananan jatanlande ne da aka bari suka ruɓa da gishiri. Ka ɗauke su kamar daddawa: a ɗanye hanci ba ya so, a cikin miya kuma idan babu sai ka ji wani abu ya yi kasa. Wanda jatanlande ko gyaɗa ke tayar wa da borin jini shi ne ya kamata ya ji tsoro da gaske, domin suna ɓoye a cikin niƙan miya inda ido ba ya gani.

Idan babu rumfar Musulmi a kusa, akwai abin da za a ci hankali kwance. Masu kurar 'ya'yan itace suna yanka abarba, kankana, gwanda, gwaiba da ɗanyen mangwaro a leda da tsinke, wajen baht 20. Ga ruwan kwakwa da ake sara a gabanka. Ga shinkafa mai danƙo da nunannen mangwaro da madarar kwakwa, wadda ta fi daɗi daga Maris zuwa Mayu lokacin da mangwaro ke kakarsa. Akwai kuma rumfuna masu rawayar tuta da jan rubutu เจ, ana cewa je. Abincin masu ƙaurace wa nama ne gaba ɗaya, babu nama, babu ƙwai, babu nam pla, har tafarnuwa da albasa ba sa sakawa. Ɗanɗanon ba zai burge ka ba, amma babu shubuhar nama. Wajen Satumba ko Oktoba suna yin bikin kwana tara da tutocin ke cika gari.

Som tam yana buƙatar bayani na kansa. Ɗanyar gwanda ce da aka fere siri-siri, a daka ta sama-sama a turmin ƙasa da tafarnuwa, barkono, tumatir, dogon wake, lemun tsami, nam pla da sukarin kwakwa ko na giginya. Iri biyu ne suka fi yawa. Som tam thai, mai gyaɗa da busasshen jatanlande, shi ne na baƙo. Wanda ake cewa pu pla ra yana da ɗanyar ƙaguwa mai gishiri da ruɓaɓɓen kifi, kuma shi ne ya fi kwantar da baƙi. Turmin ɗaya ne, ba a wanke shi tsakanin mai saye da mai saye, don haka zafin barkonon wanda ya riga ka da ruwan kifinsa suna nan. Ka ce "lang khrok", a wanke turmi. Barkonon da ƙidaya ake yin odarsa, ka ɗaga yatsu biyu ko uku.

Zaƙi ya fi yaji haɗari

Ana yawan tsoratar da baƙi da zafin abincin Tailan, amma wannan gargaɗin na Turawa ne. Ɗan ƙaramin barkononsu, phrik khi nu, bai kai attarugu zafi ba, kuma wanda ya saba da yajin masu tsiren Ƙofar Ƙaura ba zai sha wahala ba. Bambancin shi ne suna sa shi ɗanye, da yawa, a cikin tsami, kuma hakan yana tayar da olsa ga mai ita, musamman idan ciki babu komai. "Mai phet" ba yaji ke nan, "phet nit noi" kaɗan.

Sukari shi ne abin da ba a gaya wa mutane. Yana cikin pad thai, yana cikin miyar gyaɗa, yana cikin som tam, har a kan teburin mai taliya akwai kwalbarsa tare da garin barkono da nam pla da ruwan khal mai barkono, kowa yana gyara kwanonsa da kansa. Shayinsu mai ƙanƙara, cha yen, mai launin lemu, madara mai kauri ce da sukari da wata madarar a sama. Alhaji ko Hajiya mai ciwon suga da aka kawo ganin likita, idan ya sha kofi biyu a rana ya bi da roti, awon safe zai ba kowa mamaki. Mai hawan jini shi ma ya bar kwalbar nam pla a inda take, kuma kada ya shanye romon taliya har ƙasa, gishirin a nan ya taru.

Cokali ne a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin, ba a kai shi baki. Tsinkayen cin abinci na taliya ne kawai, kuma idan hannu bai iya ba a nemi cokali mai yatsu, babu mai dariya.

Game da lafiyar ciki, abin lura lokaci ne da zafi. Abin da aka soya ko aka tafasa a gabanka ya fi wanda ke jere a tire. Masu shinkafa da miya iri-iri, khao kaeng, da sassafe suke girki. Da ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya abincinsu lafiya lau ne, amma miyar madarar kwakwa da ta wuni a zafin Bankok har la'asar ba a sake ɗumama ta ba, ita ce ke kawo amai da gudawa. Ka bi layin da ma'aikatan ofis da 'yan acaɓa masu rigar lemu suke bi, domin abincin da ke ƙarewa da wuri ba ya samun lokacin lalacewa. A guji ɗanyen jatanlande da ake jiƙawa a nam pla, da ƙananan kawa masu jan ruwa da ake tsomawa a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, da duk wani ɗanyen kifin ruwan daɗi. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne: yana ɗauke da tsutsar da ke zama a hanta, wadda ke jawo sankarar bututun maɗaciya, cutar da ta yi yawa a arewa maso gabashin ƙasar.

Ba a shan ruwan famfo, na kwalba bai wuce baht 7 zuwa 10 ba a shago. Ƙanƙara mai siffar bututu da rami a tsakiya daga masana'anta take, da tataccen ruwa, ita ce ake sakawa a abin sha. Wadda aka farfasa daga babban dunƙule an fi amfani da ita wajen sanyaya kifi da kwalabe, ita ce abar gudu. In gudawa ta zo duk da haka, kemis suna ko'ina kuma suna sayar da garin gishiri da sukari a 'yan fakiti. Idan dare ya yi, lita ɗaya ta ruwan kwalba, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ko gudawar da ta wuce kwana biyu, sai asibiti.

Kuɗinsu baht ne, kuma dala ɗaya ta daɗe tana yawo tsakanin 30 da 38. Kwanon abinci a titi yakan kama daga 50 zuwa 80, ya ɗan fi haka a inda baƙi suka yi yawa. Ba a taya abinci, farashin a rubuce yake ko a tambaya "thao rai". 'Yan ƙasa da waya suke biya, amma wannan galibi sai mai asusun banki a can, kai tsabar kuɗi za ka riƙe, 'yan 20 da 50 da 100. Takardar 1,000 a canza ta a 7-Eleven, mai roti ba shi da canjinta. Injin cire kuɗi yana cajin katin waje sama da baht 200 a kowane cira, don haka dala a hannu ta fi, sabbin 'yan ɗari marasa datti ko yagewa, a tafi da fasfo wajen masu canji. Hoton sarkinsu yana jikin kuɗin, idan kwabo ya faɗi yana gangarawa kada a taka shi da ƙafa.

Ranar Litinin rumfunan bakin titi da yawa a Bankok ba sa fitowa saboda share tituna. A irin ranar a shiga ɗakin cin abinci na manyan shaguna irin MBK ko Platinum, inda ake sayen kati a loda kuɗi, a nemi ɓangaren halal, a karɓi ragowar kuɗin kafin a fita. Haka nan a tsakiyar Afrilu, 13 zuwa 15, lokacin bikin watsa ruwa na Songkran, masu abinci da yawa sun tafi ƙauyukansu. Durian kuma, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, a ci shi a inda aka saya, otal-otal da jiragen cikin birni sun hana shiga da shi.

Soyayyiyar fara ma suna da ita, kuma ɗan Katsina zai yi murna da ganinta. A duba tiren da kyau tukuna, domin a mai ɗaya ake soya ta da tsutsar siliki da gyare, wani lokaci har da ƙananan kwaɗi.

Wanda tafiya ta kai shi Chiang Mai a arewa ya nemi masallacin Ban Haw kusa da kasuwar dare, unguwar Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin. A nan ake cin khao soi na halal, taliyar ƙwai a miyar madarar kwakwa da soyayyiyar taliya a sama. A kudu kuwa, Hat Yai da Krabi da Phuket, Musulmi sun yi yawa har neman ya zama da sauƙi.

Idan tafiyar ta faɗo a watan azumi, tsawon yinin ba zai ba ka mamaki ba, domin Bankok da Katsina kusan layi ɗaya suke a taswira, wajen digiri 13 zuwa 14 arewa da tsakiyar duniya, ko da yake agogonsu yana gaban namu da awa 6. Abin da ya bambanta shi ne gumi, iskar can jiƙe take, ƙishirwa ta fi ta gida ga mai zagayen kasuwa. Phetchaburi Soi 7 da Ramkhamhaeng suna cika da teburan kayan buɗa-baki tun bayan la'asar, kuma masallatai suna ciyarwa. A sayi na sahur a lokacin, domin da asuba rumfunan a rufe suke. A zaɓi abin da ba ya lalacewa, soyayyiyar kaza ko khao mok, a bar miyar kwakwa sai in akwai firij a ɗaki.